Muryar Ladan a Faifan Oskar

Da sunan Allah nake farawa, ina kuma roƙon duk wanda rubutun nan ya faɗa hannunsa ya kai ƙarshensa kafin ya yanke wa kowa hukunci. Sunayen mutanen da ke ciki duk na sauya su. Sunan ƙauyenmu kuwa na ɓoye shi. Abin da zan iya faɗa kawai shi ne yana cikin mazaɓar Zoza, a ƙasar Rogo. Maganganun da aka yi da Turanci na mayar da su Hausa gwargwadon abin da na riƙe, inda na yi shakka kuma zan ce na yi shakka.

Mahaifina, wanda zan kira Malam Idi, shi ne ladanin masallacinmu tun kafin a haife ni. Gonarsa ba ta da yawa, ba ya riƙe da wata sarauta. Abin da ya mallaka a idon jama'a shi ne muryarsa da amanar da aka ba ta. Wannan murya ce na jefa cikin haɗari da hannuna, kuma har yau ban tabbata na tsamo ta ba.

Na sauka a ƙasar Norwe a farkon sanyi domin karatun digiri na biyu a kan ilimin ƙasar noma. Garin yana can arewa ƙwarai, a bakin teku. Zangona na farko shi ne bakin wata ƙofa da na yi ta ƙwanƙwasawa da jaka biyu a hannu, domin ɗakin da na kama ta intanet tun ina Kano. Wata tsohuwa ta buɗe, ta karanta takardar da na miƙa mata, ta ce ni ne mutum na uku da aka turo mata a wannan shekara, ita kuwa ba ta taɓa ba da hayar ɗaki ba. Ta ba ni shayi a tsaye, ta nuna mini hanyar tashar mota. A ɗakin jiran tashar na yi kwana biyu.

A rana ta uku na samu masallacin garin, wani ɗaki ne a ƙarƙashin bene. Bayan an sallame sai na ji an ce a bayana, da Hausar Kano tsantsa: "Wannan hular ai ta gida ce. Ɗan ina ne kai?"

Alhaji Ɗanliti ke nan, mutumin Kwanyawa ta Karaye, wanda ya haura shekara ashirin a can, yana da kamfanin shara da goge-goge. Da na ce masa daga Rogo nake, sai ya tuntsire da dariya.

"Ashe ƙanena ne! Ku ai jiya-jiya aka yanke ku daga jikinmu. Ɗauko kayanka, ɗan Malam, ba za a ce mutumin Rogo ya daskare a tasha ina garin ba."

Shi ya samar mini ɗaki a saman wani shagon kifi, shi ya ba ni aiki, matarsa kuma ta zuba mini tuwo da miyar kuka a daidai lokacin da na fara mantawa da ɗanɗanonsu. Dole in rubuta wannan, domin abin da ya biyo baya bai goge shi ba.

Daga nan duhu ya shigo. Kafin watan Nuwamba ya ƙare rana ta daina fitowa ɗungum. Wajen hantsi sama kan yi ja-ja na ɗan lokaci, sai kuma ta rufe. Hankalina ya tashi a kan lokutan salla. Na tambayi mutum uku, na samu amsa uku. A ƙarshe na bi jadawalin masallaci, amma zuciyata ba ta natsu da ƙarar agogo ba. Mako guda kafin in baro gida na ɗauki kiran azahar na Baba a wayata, ba tare da ya sani ba. Ana jin carar zakara a farkonsa, da injin markaɗe daga nesa. Wannan kiran na saka ya riƙa tashi sau biyar a rana. Idan ya tashi a cikin wannan duhu, nakan ji ƙasa ta dawo ƙarƙashin ƙafata.

Aikin da Alhaji ya ba ni shi ne in riƙa hawa jirgin fito sau biyu a mako zuwa wani tsibiri, in gyara gidan wani mawaƙi da zan kira Oskar. Dogo ne mai furfurar gemu, ya ba hamsin baya. Shekara ashirin ya yi yana waƙa a wata ƙungiya ta masu kiɗan rok, amma wani reshe na kiɗan wanda waƙa ɗaya kan kai kwata na awa, tana sauya tafiya sau da yawa, a yi sanyi-sanyi sannan a ɓarke, kamar hadarin da ke kai da komo. Ya rabu da ƙungiyar bayan rasuwar mahaifinsa, ya dawo gidan gado, ya mayar da rumfar ajiye kwalekwale situdiyo, yana haɗa faifansa na farko shi kaɗai. Mai taya shi wata dattijuwa ce da zan kira Marit, injiniyar sauti, mai ƙarancin magana.

Oskar da kansa ya bayyana mini abin da faifan ya ƙunsa, wata rana ina goge taga. Mahaifinsa shi ne mai kula da hasumiyar tsibirin, mai busa ƙaho ga jiragen ruwa idan teku ta rufe da hazo. Daga baya na'ura ta karɓe aikin. Da tsufa ya taɓa masa hankali, sai ya riƙa fita bakin ruwa yana kiran jiragen da suka daina zuwa shekaru da yawa. Saboda haka faifan duka a kan masu kira ne: mai ƙaho, mai kaɗa ƙararrawar coci a ƙauyen da ya watse, tsohuwar da ke kiran shanu a kan dutse alhali an sayar da shanun. Ya bi su ɗaya-ɗaya ya ɗauko muryoyinsu. Kowace waƙa kira ce da ba a amsa ba. Ya ce waƙar ƙarshe ce ta gagare shi, domin bai san yadda ake rufe irin wannan magana ba.

A watan Janairu guguwa ta tsayar da jirgin fito kwana uku ina tsibirin. Oskar ya buɗe mini ɗakin mahaifinsa, wanda ba wanda ya kwana a ciki tun rasuwarsa. Ya ba ni rigar sanyin marigayin. Ya sa Marit ta binciko abin da Musulmi ke ci da wanda ba ya ci, ya fito da sabuwar tukunya ya dafa mini kifi. Ya ɗauko kamfas ɗin kwalekwalen mahaifinsa, muka durƙusa tare muka gano alƙibla. Ban taɓa ganin baƙo ya samu irin wannan karamci daga wanda ba addininsu ɗaya ba.

A rana ta biyu, muna kicin, azahar ta yi, wayata ta tashi. Na yi wuf zan kashe, sai ya riƙe hannuna. Ya tsaya da cokali a ɗaya hannun har kiran ya ƙare.

"Wane ne wannan?"

"Mahaifina ne."

"Wa yake kira?"

"Duk mutanen gari."

"Suna zuwa?"

Na ce suna zuwa. Ya ce, "Kullum?" Na ce sau biyar kullum, sai mara lafiya ko matafiyi. Sai na ga ya zauna, hawaye na bin gemunsa. Ya ce shekara biyu yana tara masu kira, wannan ne na farko da ake amsa wa. Ya roƙe ni in tura masa domin ya saurara a manyan lasifikokinsa. Na tura. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ban yi shi cikin rashin sani ba. 

Bayan mako uku ya zaunar da ni, ya ce yana so ya rufe faifan da muryar Baba.

A nan dole in yi bayani, ba don in wanke kaina ba. A wurinmu, mutumin da ka ci abincinsa, ka kwana a ɗakin mahaifinsa, ka sa rigar mamacinsa, ba ka duban idonsa ka ce masa a'a. Babba ake samu ya kai saƙon, ya lulluɓe shi da kyakkyawar magana, kowa ya tashi da mutuncinsa. Haka na ga Baba ya yi lokacin da amininsa ya nemi aron gonarmu ta fadama: sai ya tura liman ya ba shi haƙuri, kuma har yau suna cin abinci a kwano ɗaya. Saboda haka na sunkuyar da kai, na ce wa Oskar magana irin wannan sai na kai wa babbana, shi zai zo masa da amsa. Washegari na tafi wurin Alhaji Ɗanliti, na durƙusa na faɗa masa komai, na ce kiran salla ba ya hawa kan kiɗa, ina roƙonsa ya kai wa Oskar haƙuri.

"Kai ɗan Malam, wannan ne ya hana ka cin abinci?" in ji shi. "Ku mutanen Rogo kullum sai an riƙe muku hannu. Ka bar min Baturen, na fi ka sanin bakinsu."

"Allah ya saka da alheri, Alhaji. A dai lallaɓa shi, mutumin kirki ne."

"Na ce ka bar min."

Bayan mako guda ya ce mini ya gama, Oskar ya fahimta. Da na koma tsibiri Oskar ya rungume ni, ya ce ya gode, ya gode ƙwarai. Na ɗauka godiyar ta yadda aka bi da maganar cikin ladabi ce. Ban ƙara tayar da ita ba, domin maganar da babba ya rufe, ƙarami ba ya sake buɗe ta. Wata uku ina shiga gidan nan ina fita. Na lura an fara rufe ƙofar situdiyo idan na iso. Na lura Oskar yana murmushi yana cewa yana shirya mini kyauta. Na lura Alhaji ya daina tsayawa mu gaisa bayan salla. Duk na gani, duk na ba su wata fassara.

A ƙarshen Afrilu, lokacin da rana ta dawo har ta fara ƙin faɗuwa da wuri, Oskar ya gayyaci mutane kamar goma sha biyar su saurari faifan da yamma. Ya ajiye mini kujera a gaba. Waƙoƙi biyar suka wuce, masu nauyi, masu sa mutum ya ji kamar an bar shi shi kaɗai a fili. Sai ta shida, wadda ta kai minti goma sha bakwai. Ta fara da ƙahon hasumiya, ƙararrawa ta shigo, muryar tsohuwa mai shanu ta hau, ganguna da jita suka yi ta hauhawa har gilashin taga na rawa. Sannan komai ya faɗi tsit.

Sai na ji carar zakaranmu.

Muryar Baba ta cika ɗakin, garau, kamar yana tsaye a bayana. Kiɗa ya taso a ƙarƙashinta a hankali. Ko da a nan abin ya tsaya, ya isa musiba. Amma Oskar bai san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Amo yake bi. Ya ga wani wuri da muryar ta yi sama ta yi masa daɗi, sai ya datse ta a nan ya yi ta maimaitawa a kan ganguna. Wurin kuwa tsakiyar kalmar shahada ne. Rabin farko ya riƙa dawowa, yana dawowa, ba a bar Baba ya ƙarasa ba. Na ƙirga sau tara. Ina iya yin kuskure da ɗaya.

Aka yi tafi. Marit ta miƙo mini ɗan littafin da zai bi faifan. A shafin ƙarshe ga cikakken sunan mahaifina, da sunan ƙauyenmu, da Rogo, da Kano, an rubuta su daidai ba kuskuren harafi ko ɗaya.

Ban ga mutanen ɗakin ba a lokacin. Kasuwar Rogo na gani, da rumfunan masu cajin waya inda ake tura wa mutane sauti. Na ga guntun rabin minti yana tsalle daga waya zuwa waya, daga Rogo zuwa Karaye, daga Karaye zuwa birni, da sunan Baba a jikinsa. Na san mutanenmu, ina ƙaunarsu, kuma na san ba kowa ne zai tsaya ya tambayi wanda ya datse ba.

Na fita bakin ruwa na kira Alhaji.

"To me kake so in yi?" in ji shi. "Bature zai kai muryar ubanka duniya, kai kana min kuka. Wa zai ji wannan hayaniyar a Zoza?"

"Alhaji, kowa yana da waya. Kuma amana na ba ka."

"Amana? Wa ya ɗauko ka daga tasha? Ka saurare ni da kyau, ɗan Malam. Awannin da kake min aiki sun wuce abin da bizarka ta yarda. Idan ka buɗe baki, ba ni kaɗai zan ji kunya ba."

Da safe na koma tsibirin, na tsaya a gaban Oskar, na yi abin da ya kamata in yi tun watan Janairu. Na faɗa masa cewa amsar da na aika a'a ce, na bayyana masa abin da ya datse, da abin da hakan ke nufi a wurinmu. Ya buɗe durowa ya fito da takarda. Alhaji ya sa hannu a matsayin kawuna kuma shugaban danginmu, ya ba da izini da sunan Baba, ya karɓi kuɗin da aka ce a kai wa iyali.

Fuskar Oskar ta yi ja. "Wata uku kana cin abinci a teburina," in ji shi, "kana kallona ina gina gida a kan wannan muryar, ba ka ce komai ba. Me ya sa ba ka faɗa min da bakinka ba?"

Na ce saboda na ci abinci a teburinsa ne. Bai gane ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Marit ce ta yi tambayar da ta yanke maganar. Ta ce, "Za su iya cutar da tsohon?"

Na ce, "Ba zan ce za su yi ba, domin ban sani ba. Ba zan kuma ce ba za su yi ba."

Oskar ya fita, ya daɗe a tsaye a wurin da mahaifinsa kan tsaya. Da ya dawo bai dube ni ba. Ya ce wa Marit ta cire, ta goge duk inda muryar take a na'urorinsu, a sake buga littafin. Ta tambaye shi abin da za a sa a gurbin. Ya ce kada a sa komai, a bar iskar teku ta yi ta busawa tsawon lokacin. Haka faifan ya fito daga baya, ya rufe ba tare da an amsa wa kowa ba. Ya rasa ƙarshen da ya yi shekara biyu yana nema, kuma ni na jawo masa. Bai yi mini sallama ba.

Marit ta kai ni bakin jirgin fito a motarta. Sai da muka tsaya ta ce akwai abin da ya kamata in sani. Tun makonni biyu da suka wuce an aika wa wasu 'yan jarida da masu gidajen rediyo a ƙasashe daban-daban faifan gwaji, da tsohuwar waƙar da tsohon littafin. Ta yi alkawarin rubuta wa kowannensu. Ta cika alkawari. Wasu sun amsa sun ce sun goge. Wasu har yau ba su amsa ba.

Alhaji ya sallame ni daga aiki, mai shagon kifi kuma abokinsa ne, ya karɓe ɗakinsa. Na lallaɓa na rubuta jarrabawar shekarar farko, na dawo gida da damina ba tare da digirin ba.

Bayan la'asar na samu Baba a zaure yana gyaran igiyar akuya. Na faɗa masa komai a jere, yadda na rubuta a nan. Bai katse ni ba. Da na gama ya yi tambaya biyu: ko mutumin ya san abin da ya datse, na ce bai sani ba, da kuma ko ya cire da aka faɗa masa, na ce ya cire. Ya ce, "Allah ya shirye shi, ya fi wasu namu."

Washegari ya sa babbar rigarsa ya tafi wurin liman, ya sa aka kira dattawa huɗu, ya maimaita musu labarin da bakinsa, sannan ya ajiye makullin akwatin lasifika a gaban liman. Liman ya ce, "Haba Malam Idi, ai ba laifinka ba ne." Baba ya ce ya sani, amma ba zai riƙa tara jama'a da muryar da bai san inda sauranta yake yawo ba, idan abin ya iso, gara ya tarar masallaci ba ya ciki. Biyu daga cikin dattawan suka yi ta ba shi baki. Biyu ba su hana shi ba, kuma wannan na fi ji.

Da muka dawo gida na durƙusa na nemi gafararsa.

"Na yafe maka, Sa'idu," in ji shi. "Muryar tana cikin wayar taka har yanzu?"

Na ce tana nan.

"Goge ta."

"Baba, ita kaɗai ce cikakkiya da ta rage. Waɗanda ke waje duk datsattsu ne. Idan wani abu ya taso, ita ce shaidar cewa ka ƙarasa kalmar. Ka bar ni in ajiye ta, ko in kai wa liman ya ajiye."

"Shekara arba'in ina ƙarasa ta a kunnen mutanen garin nan," in ji shi. "Idan wannan bai ishe su shaida ba, waya ba za ta ishe su ba. Ba a tambaye ni ba aka ɗauka. Yanzu ina tambaya a mayar min."

Na fito da wayar. Ya matso kusa, ya sa ido a kan gilashin duk da ba ya karanta boko. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Ban tabbata ba. Na danna.

Jim kaɗan azahar ta yi, sabon ladan ya ɗaga murya daga masallaci. Baba ya ɗauki butarsa, ya bi bayan masu amsawa.